Yadda ake mayar da ɗan kwikwiyo makiyayin tumaki a tsaunukan Birtaniya

A watan Fabrairun 2021 an sayar da wata karya mai suna Kim, 'yar kimanin shekara ɗaya, a kan kuɗi sama da fam dubu 27 a wani gwanjo a yankin Wels na Birtaniya. Ba don kyau aka saye ta ba. Tumaki take kiwo.

Wanda ya saba ganin karen Bafulatani zai yi mamaki. A wajenmu aikin kare a ruga gadi ne, ya yi haushi idan kura ko ɓarawo ya matso, amma dabbobi muryar makiyayi da sandarsa suke bi. A tsaunukan Sukotlan da Wels kuwa, tumaki a warwatse suke kan duwatsun da ko babur ba ya iya hawa. Mutum ɗaya ba zai iya tattaro su ba sai da kare, kuma irin da aka fi dogara da shi shi ne Border Collie.

Yawancin waɗannan karnuka ana danganta asalinsu da wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun makiyayi Adam Telfer a arewacin Ingila. Abin da ya bambanta shi da sauran karnukan zamaninsa shi ne ba ya yawan haushi. Sunkuyar da kai yake yi, ya kafe tumaki da ido, su bi inda yake so. Tun kafin nan, a 1873, an yi gasar karnukan kiwo a garin Bala da ke Wels, kuma sunan garin ke nan, ba wani Malam Bala ne ya kafa shi ba. A 1906 aka kafa ƙungiyar da har yau take rajistar karnukan.

Abu na farko da masu horo ke faɗa shi ne ba a koya wa kare sha'awar tumaki, da ita ake haifarsa. Ragowar ɗabi'ar farauta ce ta kakansa kerkeci: ya zagaya bayan garke, ya tare hanya, ya koro wa na gaba. Aikin mai horo shi ne ya riƙe wannan ɗabi'a, ya cire cizon da ke ƙarshenta.

Shi ya sa ba a gaggawa. A watannin farko kwikwiyo sunansa kawai yake koyo, da zuwa idan an kira, da kwanciya idan an ce ya kwanta. Da yawa ba sa fara horo na sosai sai ya doshi shekara, lokacin da ƙafarsa ta yi ƙarfin da zai iya wuce tunkiya a guje. Idan aka sake shi da wuri, ya ga ba zai iya shan gabansu ba, sai ya koma bin su a baya yana kora, kuma wannan hali da wuya yake fita. Wanda tunkiya mai jego ta tunkuya tun yana ƙarami kuwa, yana iya tsoron garke har ya tsufa.

Ana farawa da tumaki huɗu ko biyar waɗanda suka saba da kare, a ƙaramin fili mai shinge, na 'yan mintoci kawai. A nan ake neman abin da komai ya rataya a kansa. Ka ɗauka tumakin suna tsakiyar agogo, makiyayi yana kan lamba 6. Kare mai kyau da kansa zai nemi lamba 12. Idan mutum ya matsa hagu, shi ma ya gyara tsayuwa, domin tumakin su kasance tsakaninsu. Sai ya fara wannan zagaye da kansa sannan ake ɗora masa kalma, ɗaya ta zagaya ta yadda hannun agogo ke tafiya, ɗaya ta akasin haka. Wato motsin ne ke zuwa kafin sunansa, kuma a ganina nan ne sababbin masu horo suka fi tuntuɓe, suna ta ihu da kalmar da karen bai san abin da take nufi ba tukuna.

Daga nan ake ƙara nisa kaɗan-kaɗan, har ya iya fita da faɗi, ya ɓullo ta bayan garke ba tare da ya firgita shi ba, ya tayar da shi a hankali, ya kawo. Idan nisa ya fi ƙarfin murya sai a koma fito, kowane umarni da nasa sautin.

Mafi wahala shi ne a sa shi ya kora tumaki su yi nesa da ubangidansa, domin jininsa kawowa yake ce masa. Wannan kan ci watanni, kuma akan bar shi sai sauran sun zauna.

Duka ba ya cikin tsarin masu horo na kirki. Da tsayuwar jiki da sauya murya ake gyara kuskure, a tare masa hanya, idan ya yi daidai a bar shi ya ci gaba da aiki, wanda shi ne ladan da ya fi so. Amma sakaci ma yana da tsada. Karen da ya ɗanɗana kora da cizo yana iya sa tumaki masu ciki su yi ɓari, kuma dokar Birtaniya ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. A filin gasa ma, karen da ya ciji tunkiya ba dalili fitar da shi ake yi.

Kafin a amince a tura kare shi kaɗai bayan tsauni, inda ubangidansa ba ya ganinsa, yawanci ya haura shekara biyu.