Tamostat: Ɗan Ƙaramin Ƙarfen da Ake Jefarwa a Gareji

Ni ɗan Jajaye ne, kuma duk wanda yake bin hanyar Karaye da Rogo ya san motocinmu: tsofaffin Golf 'yan Kwatano da ragowar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Da yawansu babu tamostat a cikinsu. Da mota ta fara zafi, sai bakanike ya cire shi ya ce ai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba, ga dalilina.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kaki da sifirin. Idan inji yana da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaye a cikin inji har ya ɗumama. Da zafi ya kai adadin da aka buga a jikinsa, misali 82 ko 87 a ma'aunin Salshiyos, kakin zai narke ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce.

In ya maƙale a rufe, inji zai tafasa, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, aikin 'yan dubbai ya koma na sauke inji. In kuwa aka cire shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan fetur, baƙin mansa ya fi saurin lalacewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga direban haya. Maganin tamostat da ya lalace shi ne sabo.

Ga yadda ake canzawa. Da farko bari inji ya huce sarai. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai ɗaye maka fata. Zubar da ruwan cikin roba. Bi babban tiyon lagireto zuwa inda ya haɗu da inji. A yawancin motoci tiyon sama ne, amma a Golf yana ƙasa, gindin famfon ruwa. Kwance notocin murfin, ka lura da yadda tsohon ya zauna kafin ka zare shi: ɓangaren sifirin ne ke kallon inji. Kankare ragowar tsohon gaskit, saka sabon tamostat da sabon gaskit, ka ɗaure notocin bi da bi. Kar ka matse da ƙarfin tsiya, murfin yana tsagewa.

Sai ka cika da ruwan sanyaya inji, ba ruwan rijiya ba, don shi tsatsa yake tarawa. Tayar da mota, bari iska ta fice, ka ƙara ruwa. In tiyon ya ɗauki zafi bayan 'yan mintuna, allurar geji ta tsaya tsakiya, aiki ya yi.

Shawara ta ƙarshe: ko a Ƙofar Ruwa ka sayo shi, gwada shi tukuna. Jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai kyau zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi buɗewa, mayar wa mai shago kayansa.