Hannu Na Saƙa, Baki Na Hira

A Birtaniya da wuya ka sami gari mai ɗan girma da babu inda masu saƙa ke haɗuwa sau ɗaya a mako. Wasu a ɗakin karatu na ƙaramar hukuma suke zama, wasu a bayan shagon mai sayar da zare, wasu a zauren coci ko gidan shan shayi. Saƙar da ake nufi ba irin ta masaƙanmu masu ƙoshiya ba ce. Ita ce wadda matanmu ke yi wa jarirai kayan sanyi da ita, da tsinke biyu ko da kwarashi, a ɗauko zaren ulu a yi ta cusa madauki cikin madauki har safa ko hula ko suwaita ta fito. Kowace takan zo da jakarta da aikin da ta faro a gida (jefi-jefi akan ga namiji a cikinsu), a zauna kamar awa biyu, a nuna wa juna inda aka kai, a sha shayi, a watse. Galibi babu shugaba, babu rajista, babu kuɗin shiga in ban da na shayin. Mai hange daga nesa zai ce wannan ai wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Ni kuwa a ganina zaman nan yana yin wani aiki da hukumomi ke kashe kuɗi suna nema, wato mai da baƙin juna abokai, kuma yana iya yin haka ne domin babu wadda ta fito daga gida da sunan neman abota.

Al'adar ta daɗe, kuma talauci ne ya haife ta. A ƙauyen Dent da ke arewacin Ingila, a ƙarni na 18 da farkon na 19, maza da mata da yara duk saƙar safa suke yi don sayarwa, saboda abin da gona ke bayarwa ba ya kai su shekara. Idan dare ya yi sai maƙwabta su taru a gida ɗaya, yau nan gobe can, a hura wuta ɗaya ta ishi kowa maimakon kowane gida ya ƙona makamashinsa, ana saƙa ana tatsuniya ana waƙa. Tsimi ne ya tara su, hira ta biyo baya. Abin mamaki kuma, tun a 1589 wani mutum mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham. Fiye da shekara 400 ke nan inji yana yin aikin da sauri kuma da araha, amma saƙar hannu ta ƙi mutuwa. Duk sanda aka ce ta tafi sai wani dalili ya dawo da ita. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin da ke kwana cikin ramuka masu ruwa da taɓo a Faransa sun buƙaci safa busasshiya fiye da yadda masana'antu za su iya samarwa, sai mata a Birtaniya da Amurka da Ostireliya suka kafa ƙungiyoyi suna saƙawa ana aikawa. Bayan shekaru da dama ana yi mata kallon aikin kakanni, sai 'yan mata matasa suka sake rungumarta a farkon shekarun 2000, musamman bayan littafin koyon saƙa da Ba'amurkiya Debbie Stoller ta fitar a 2003, wanda ya sa aka yi ta buɗe ƙungiyoyi a manyan birane.

To mene ne a cikin saƙa da ke sa mutane sakin jiki da juna? Da farko, aiki ne da ke riƙe hannu ya ƙyale baki da kunne. Wadda hannunta ya faɗa ba ta buƙatar tunani a kan kowane madauki, yatsu ne ke tafiya da kansu. Amma idonta yana kan zare, ba ya kan fuskar abokiyar zama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa zama gaba da gaba da baƙo ya san nauyin da shiru ke da shi, kowa yana lalube cikin ransa me zai ce. A wurin saƙa shiru ba abin kunya ba ne, aiki ake yi. Mai alkunya za ta iya yin wata guda tana zuwa ba ta ce komai ba sai gaisuwa, kuma babu wanda zai ce ta cika girman kai. Ran da ta ga dama ta buɗe baki, maganar da ta yi mata nauyi, ta rashin lafiyar miji ko ta ɗan da ya daina kiran waya, takan fi sauƙin fita idan ba a tsura mata ido ba.

Sannan akwai zancen kuskure, wanda a nan ne na fi ganin sirrin yake. Mai saƙa ba ta rabuwa da matsala: madauki ya zame ya tsere ƙasa, lissafin layi ya ɓace, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Dole ta miƙa aikin ga ta kusa da ita ta ce duba mini nan. Roƙo ne da ba ya zubar da mutunci, ba kamar rancen kuɗi ba, kuma wadda aka roƙa tana jin daɗin an san ta iya. Mako mai zuwa ana iya juyawa, domin wadda ta ƙware a safa ba lallai ta iya zanen launi biyu ba. Tsohuwa 'yar shekara 80 da ta saba jin kanta a matsayin kaya a wuyan 'ya'yanta sai ga ta ta zama malama, lauya 'yar shekara 30 tana gefenta tana koyo. Ƙananan basussukan alheri irin waɗannan, da ake ci ana biya kowane mako, su ke sa mutane su amince da juna tun kafin su san sunan unguwar juna. Aikin kansa kuma yana ba da abin faɗa. Bargon da aka gani tafin hannu guda a makon jiya yau ya kai kamu ɗaya, dole a tambaya na wane ne, daga nan a ji labarin jikar da ake jira a haifa.

Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 kan yawan lokacin da abota ke ci. Ya kiyasta cewa sai mutum biyu sun yi kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama 'yar abota, kamar awa 90 kafin a kira juna aboki, fiye da awa 200 kafin a zama aminai. Ba sai an ɗauki alƙaluman nan kamar awon mudu ba, amma abin da suke nunawa gaskiya ne: abota lokaci take ci, lokacin kuwa babba mai aiki da iyali ba shi da shi sai an yanka masa. Zaman awa biyu kowane mako ya ɗan haura awa 100 a shekara. Cikin shekara biyu an kai ga adadin aminci, ba tare da wata ta taɓa ɗaukar waya ta ce ina so in gan ki ba. Ranar tana nan a tsaye, wurin yana nan, aikin bai ƙare ba, don haka akwai dalilin komawa. Gwamnatin Birtaniya, wadda a Janairun 2018 ta ɗora wa minista Tracey Crouch alhakin yaƙi da kaɗaici, ta gane wannan, shi ya sa likitocin unguwa a ƙasar yanzu sukan tura wasu masu fama da ƙunci zuwa ƙungiyoyin aikin hannu da na lambu da na tattaki. Sai dai in aka rubuta a ƙofa cewa nan ne taron masu kaɗaici, mutane kaɗan ne za su shiga, domin ba mai son ya amsa wannan suna. A rubuta saƙa, kowa ya shigo da mutuncinsa.

Mai shakka zai ce ina hujja? Binciken da aka fi ambata shi ne wanda Jill Riley da Betsan Corkhill da Clare Morris suka wallafa a 2013, inda masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban suka amsa tambayoyi ta intanet. Waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki, waɗanda ke yi cikin ƙungiya kuma sun ce mu'amalarsu da mutane ta ƙaru. Raunin binciken a fili yake. Masu son saƙa aka tambaya ko suna jin daɗin saƙa, kamar ka shiga kasuwar Dawanau ka tambayi 'yan kasuwa ko hatsi na da amfani. Wadda ta je sau biyu ta ga an share ta, ko gulmar wurin ta ishe ta, ta daina zuwa, ba ta cikin lissafin. Kuma ana samun haka, domin duk inda mutane suka saba da juna sabon zuwa yakan sha wuyar kutsawa. Saboda haka wanda ya ce saƙa magani ce ya wuce gona da iri. Abin da hujjar za ta iya ɗauka shi ne cewa ga dubban mutane zaman yana yin aiki, kuma dalilan da ke sa shi aiki ba su buƙatar wani sihiri a cikin ulu.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Akwai masu cewa yabon zaman saƙa yana lulluɓe tarihin zalunci, kuma suna da gaskiya. A tsibiran Shetland da ke can arewa da Scotland, mata sun yi suna wajen saƙa mai laushi da zane, har suna saƙa suna tafiya da kwandon makamashi a baya, don kada minti ɗaya ya wuce a banza. Amma 'yan kasuwar da ke karɓar kayan ba kuɗi suke biyan su ba, sai dai shayi da yadi da tarkacen shago, a farashin da mai shagon ya ga dama. Sai da gwamnati ta aika kwamitin bincike a 1872, kuma ko bayan dokar da aka yi a 1887 al'adar ba ta gushe nan take ba. Waɗannan mata ba don nishaɗi suke saƙa ba. Sai dai wannan tarihi bai rushe maganar ba. Ya nuna ne cewa hirar da ke cikin aikin daban take da cinikin da ke bayansa. Mutanen Dent da matan Shetland sun sami abokan hira duk da talauci da cutar da ake yi musu, jikokinsu na yau sun yar da cutar sun riƙe zaman. Shetland ɗin ma yanzu tana da makon bikin ulu da aka fara a 2010, masu saƙa na zuwa daga ƙasashe masu nisa.

Batun ko kayan da ake saƙawa suna da amfani, wannan gajere ne. Wani lokaci suna da shi: tun 2003 kamfanin lemo na Innocent ke karɓar 'yan mitsi-mitsin huluna yana ɗora wa kwalabensa, yana ba wata ƙungiyar kula da tsofaffi kuɗi a kan kowace. Wani lokaci kuma babu: da jirgin ruwan Rena ya zubar da mai a gaɓar New Zealand a 2011, an yi ta aiko wa tsuntsayen teku 'yan riguna daga ko'ina, masu jinyar tsuntsayen suka ce ba su buƙata. Suwaitar hannu kuma, in aka haɗa kuɗin zare da makonnin da ta ci, ta fi ta kanti tsada nesa ba kusa ba, balle ta gwanjo.

Mai karatu a Kano ko Damagaram yana iya cewa wannan ciwon Turawa ne, mu da muke da biki da suna da majalisa da adashi me za mu yi da ranar saƙa? Lallai mun riga su sanin abin. Masu ɗinkin babbar riga da ke jeruwa a zaurukan Zariya, da matan da ke baje tabarma a tsakar gida suna ɗinkin hula ko kaɗi, da masu sussuka da surfe tare, duk hannu na aiki baki na hira ne. Amma a duba yadda ake gini yanzu a sababbin unguwanni: kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfensa, amarya a kai ta wani gari inda ba ta san kowa ba, miji ya fita tun safe, ta wuni da waya a hannu. Biki da suna sai an gayyace ka, kuma wanda aka sani ake gayyata. A gefe guda cibiyoyin koyar da sana'a suna tara mata su koya musu saƙa na 'yan watanni, a yi bikin yaye su, a ba kowace zare da kwarashi, kowa ta kama gabanta. An koyar da sana'ar an watsar da taron, alhali ɗakin koyarwar yana nan a kulle yawancin ranakun mako. Barin sa a buɗe kowace Laraba bayan la'asar, ga duk wadda ta ga dama ta zo da aikinta, ba ya cin komai sai tabarma biyu da mai riƙe mabuɗi.