Magnoliya, iccen da ke fure kafin ya yi ganye

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da tafiya ta kai shi Faransa a ƙarshen watan Maris zai ga abin mamaki cikin garakan birane: icce tsaye babu ganye ko ɗaya, amma rassansa maƙil da manyan furanni, farare da masu ruwan hoda. Sunansa magnoliya. Furen nan ba ya wuce mako 2 zuwa 3, kuma dare guda na tsananin sanyi ya isa ya ƙone shi ƙurmus. Saboda waɗannan ƴan kwanaki ne mai garka ke ɗawainiya shekara guda cur.

Daga Sin zuwa Faransa

A shekara ta 1703 ne masanin tsirrai Charles Plumier ya raɗa wa dangin iccen wannan suna, don girmama Pierre Magnol, wanda ya shugabanci garkar binciken tsirrai ta birnin Mompeliye. Amma tun kafin Turawa su san shi, mutanen Sin sun fi shekara 1000 suna shuka wani irinsa mai farin fure, wanda suke kira yulan, a harabar ɗakunan ibadar mabiya Buda. A 1986 birnin Shangai ya zaɓe shi ya zama furen tambarinsa.

Wanda ya fi yawa a garakan Turai yanzu kuwa, aikin wani tsohon soja ne. Étienne Soulange-Bodin hafsa ne cikin rundunar Napoleyon. Da yaƙi ya ƙare, sai ya koma gidansa na Fromont, kudu da birnin Pari, ya rungumi aikin garka. A 1820 ya ɗebi garin furen wani irin magnoliya mai launin shunayya, ya barbara farin yulan da shi. Sai da ya jira har 1826 sannan ya ga furen farko na sabon iccen, wanda har yau da sunansa ake kiransa. Tsawonsa yakan kai mita 6 zuwa 8, faɗin furensa kuma santimita 10 zuwa 20.

Wurin dashe shi ne rabin aiki

Masu garka sun san cewa babban abokin gabar magnoliya shi ne sanyin da ke komowa bayan an ɗauka ya tafi. Iccen kansa yana jure hunturun Turai, amma furen da ya fara buɗewa ba ya jurewa. In raɓa ta daskare a kansa cikin dare, da safe sai a tarar ya yi baƙi ya yi yaushi, kuma sai baɗi. Irin wannan dare ne ya auka wa Faransa a farkon Afrilun 2021, bayan ɗumin ƙarshen Maris ya sa itatuwa sun yi toho da wuri, aka yi babbar hasara cikin gonakin inabi da na ƴaƴan itace.

Don haka ake neman wurin da gini ko shinge ya tare iska. Ana gudun kwari, domin nan ne iska mai sanyi ke kwanciya. Ana kuma gudun inda hantsi ke bugun iccen kai tsaye, saboda furen da ya daskare in ya narke da gaggawa ya fi lalacewa.

Ƙasar da yake so ita ce mai taki, mai riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya cikinta, mai ɗan tsami-tsami. In alli ya yi yawa cikin ƙasa, saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai ganye ya koma rawaya.

A bar saiwa ta huta

Saiwar magnoliya mai tsoka ce, mai saurin karyewa, kuma kusa da bisan ƙasa take yaɗuwa. Shi ya sa ramin dashe ake faɗaɗa shi ninki biyu na dunƙulen saiwar, amma ba a zurfafa shi: inda ƙasa ta tsaya wa dashen cikin tukunya, nan za ta tsaya masa cikin garka. Bayan haka, ba a sa hauya ko fartanya a gindinsa. Ana shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon icce mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa gangar jikin ba, don ya riƙe laima ya hana haki. Iccen da ya kafu ba ya son a sake masa wuri.

Datsa rassa ma ba a yawaita shi, domin raunin yana daɗewa bai warke ba. In ya zama tilas, a cire busasshen reshe ko wanda ya gitta ɗan'uwansa, a tsakiyar watannin zafi, lokacin da iccen ke cike da ganye. Wanda ya datse shi cikin hunturu, furen da yake jira ne ya zubar da hannunsa.

Dalili kuwa shi ne, ƙunshin furen baɗi tun cikin watannin Yuli da Agusta na bana yake haɗuwa, ya shafe hunturu lulluɓe cikin kube mai gashi-gashi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Iccen da ya sha ƙishirwa a Agusta, a Maris ne zai nuna. Saboda haka ban ruwa cikin watannin zafi wajibi ne, musamman a shekarun farko bayan dashe.

Haƙuri kuma shi ne jari. Wanda ya shuka iri yakan jira shekara 10 ko fiye kafin ya ga fure. Shi ya sa gidajen renon itatuwa ke sayar da dashen da aka yi wa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, wanda ke fure cikin ƴan shekaru kaɗan.

Mai karatu na iya tambaya ko iccen zai yi a Maradi ko Damagaram. Amsa ita ce da wuya ƙwarai. Yana bukatar makonni masu yawa na sanyi na gaske kafin ƙunshin furensa ya buɗe, abin da hunturun Sahel bai isa ya ba shi ba, kuma saiwarsa ta bisa ba ta jure zafin Afrilu cikin rairayi. Wanda aka yi wa tayin dashensa a kasuwannin Sin ko na Turai, ya riƙe kuɗinsa, ya more wa idonsa can inda Allah ya ajiye shi.