Famfon tuƙa-tuƙa: Yadda fayyace manufa ke tsara irin na'urar da za a ƙera

Kowane aikin injiniya a kan takarda yake farawa, tun kafin a yanka ƙarfe ko a kunna injin walda. A takardar ake rubuta abin da ake so na'urar ta yi, da wanda zai yi amfani da ita, da yadda za a gane ta yi aikin ko ta gaza. Injiniyoyi kan raba wannan gida biyu. Akwai manufa, wato babban abin da aka sa a gaba, kamar a ce mutanen ƙauye su samu ruwan sha. Akwai kuma ma'aunai, waɗanda ke mayar da manufar zuwa lissafi: lita nawa a awa ɗaya, daga zurfin mita nawa, awa nawa a yini, kuma wata nawa kafin a buƙaci gyara. Tarihin famfon tuƙa-tuƙa, wanda ake gani a kan rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Najeriya da Nijar, ya nuna yadda waɗannan ma'aunai ke yanke hukunci kan irin na'urar da za ta fito.

Bayan farin da ya afka wa wasu sassan Indiya a ƙarshen shekarun 1960, gwamnatin ƙasar da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, sun haƙa dubban rijiyoyin burtsatse. Famfunan da aka ɗora a kansu na zubin ƙarfe ne, an kwaikwayo su daga waɗanda ake amfani da su a gidajen gona na Turai da Amurka. A can iyali ɗaya ke taɓa famfon, sau kaɗan a yini. A ƙauyen Indiya kuwa ɗaruruwan mutane ne ke layi a kansa daga asuba har dare. Kafin tsakiyar shekarun 1970, mafi yawansu sun tsaya cak. Maƙeran ba su yi ha'inci ba, domin famfon yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa. An dai ɗora masa kayan da ba a taɓa auna shi da su ba.

Daga nan aka sake rubuta buƙatun. Ana son famfon da zai jure hannun al'umma gaba ɗaya tsawon yini, ya ɗago ruwa daga zurfin da ya kai mita 50, kuma a iya ƙera shi a cikin ƙasar da kayan da ake samu a kasuwa. Sakamakon shi ne India Mark II. An yi jikinsa da ƙarfen da aka haɗa da walda aka kuma lulluɓe da sinadarin hana tsatsa, aka sa wa mariƙinsa boris, aka haɗa shi da sandar da ke sauka cikin rijiyar ta hanyar sarƙa, domin sandar ta riƙa hawa da sauka a miƙe ba tare da gogar gefe ba. Ta fuskar ƙarko famfon ya cika alkawari, kuma ya bazu a Asiya da Afirka fiye da kowane irinsa.

Sai dai akwai tambayar da ba a ba ta muhimmanci a takardar ba: ranar da ya lalace, wa zai gyara? Silindar India Mark II tana can ƙasan rijiya, a ƙarshen jerin bututun ƙarfe masu tsawon mita uku-uku. Idan zoben da ke toshe ruwa a jikin fistin ya cinye, wanda abu ne ɗan ƙarami mai araha, dole a zaro bututun baki ɗaya, a kwance su ɗaya bayan ɗaya. A rijiya mai zurfin mita 30, bututu goma ke nan, cike da ruwa, ga nauyin sanduna a ciki. Aiki ne na ƙwararren makaniki da mataimaka da kayan aiki na musamman, kuma in hannu ya kuɓuce, bututun su faɗa rijiya. Don haka ƙauye kan zauna makonni ko watanni yana jiran masu gyara daga birni, mata da yara kuma su koma rafi ko kududdufi. Ga kuma matsalar tsatsa a wuraren da ruwan ƙasa ke da tsami, inda bututun kan ruɓe, ruwan ya fito ja.

A shekarun 1981 zuwa 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin samar da ruwan sha da tsaftar muhalli, Bankin Duniya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar sun gudanar da gwajin famfuna iri-iri, a ɗakin gwaji da kuma cikin ƙauyuka. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ne sauya manufar kanta. Maimakon neman famfon da zai daɗe bai lalace ba, sai aka nemi wanda mutanen ƙauye za su iya gyarawa da kansu. Bambancin a baki kaɗan ne, amma a lissafi babba ne. Famfon da ke lalacewa sau uku a shekara ana gyara shi cikin yini ɗaya, kwana uku kawai ya hana mutane ruwa. Wanda ke lalacewa sau ɗaya ana jiran makaniki wata biyu, ya hana su ruwa kwana sittin.

Wannan sabuwar manufa ce ta haifi famfon Afridev, wanda aka fara aikinsa a Malawi a farkon shekarun 1980, aka ci gaba da shi a Kenya. Kusan kowane sashe nasa amsa ce ga tambayar gyara. Bututunsa na roba ne, ba ya tsatsa, kuma ya fi fistin faɗi, saboda haka ana zaro fistin da bawul ɗin ƙasa ta cikinsa ba tare da an motsa shi ba. An maye boris na ƙarfe da na roba da ake cirewa da hannu. Sifana guda da wani ɗan ƙugiya sun isa aikin yau da kullum, kuma mace ko namijin da aka koya wa zai iya. An biya farashi, domin sassan roba sun fi saurin cinyewa, kuma zurfin da yake kaiwa bai wuce mita 45 ba. Amma an san da hakan tun farko, an kuma zaɓe shi da gangan. Indiya ma ta bi wannan hanya da India Mark III. Famfunan da ake kira RUWATSAN a Najeriya daga waɗannan biyun aka samo su.

Akasin haka ya faru da PlayPump na Afirka ta Kudu, wani lilo mai juyawa da aka haɗa da famfo, yara na wasa ruwa na hawa tanki. Hotunansa sun burge masu ba da agaji. A 2006 uwargidan shugaban Amurka, Laura Bush, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin ƙasarta da wasu gidauniyoyi. An ce za a kafa famfuna 4,000 zuwa 2010, domin mutum miliyan 10. Adadi ne a fayyace, kuma nan ne abin lura, domin ba kowace lamba ce ma'auni ba. Wannan lamba ta ƙirga famfunan da za a kafa, ba ta ce komai kan ruwan da za su fitar ba.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko ba shi da wuya. Mutum miliyan 10 a kan famfo 4,000 na nufin mutum 2,500 ga kowane famfo. In kowa zai samu lita 15 a yini, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi, ana buƙatar lita 37,500. Masu famfon sun ce yana iya fitar da lita 1,400 a awa ɗaya. Ke nan sai yara sun yi kusan awa 27 suna juya lilo a cikin yini mai awa 24, kamar yadda jaridar Guardian ta Birtaniya ta nuna a 2009. Yara kuwa ba sa wasa da asuba, lokacin da aka fi neman ruwa. A wasu ƙauyukan Mozambik, inda aka cire famfunan hannu aka sa lilon, mata ne suka koma tura shi da ƙarfinsu. A 2010 ƙungiyar da ke yaɗa shi a Amurka ta rufe, ta miƙa sauran kayanta ga wata ƙungiyar samar da ruwa.

Irin wannan giɓi na iya ɓuya a cikin kowace takardar kwangila da ta tsaya ga cewa za a haƙa rijiyoyi kaza a sa musu famfo. Ɗan kwangila zai cika sharaɗin ranar da aka yanke kyalle, ko da ruwan zai ɗauke bayan wata uku. Takardar da ta yi aikinta za ta faɗi zurfin ruwa a ƙarshen rani, ba a damina ba, da sakamakon gwajin tsaminsa kafin a zaɓi bututun ƙarfe ko na roba, da yawan gidajen da za su dogara da famfon, da kwanakin da aka yarda ya zauna a lalace.

Shi kansa Afridev bai tsira daga tambayar da aka bari a baya ba. Sauƙin cire zoben roba ba ya amfani idan babu inda za a sayi sabo. Ɗan kasuwar ƙaramin gari ba ya son ajiye kayan da sai jefi-jefi ake nema, ribarsu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Haka nan idan bututun robar kansa ya tsage a ƙasa, sai an zaro shi an yanka an liƙe, aikin da ya fi ƙarfin mai sifana guda, ya sake komawa hannun makaniki.