Agashe da Godogodo: Guzurin Muhajirai a Bakin Kogin Nilu

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Wad Madani ko ta Sinnar bayan sallar magariba ya san inda hayaƙi yake tashi. Sai ka tarar da mutum ya kafa tsinkayen nama kewaye da garwashi, jama'a sun yi masa zobe. Mutanen Sudan suna kiran naman nan agashe, da yawansu kuwa ba su san Hausa suke yi ba. Kalmar daga gashi ta fito, abin kuma tsirenmu ne na Kano da Sakkwato: a yanka nama falle-falle, a mulke shi da garin gyaɗa da yaji, a ci da albasa da lemun tsami.

To, yaya aka yi tsire ya zo nan? Tun da daɗewa alhazai masu tafiyar ƙasa suke yada zango a Sudan, amma babban ayari ya zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, wajen 1906 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ƙauyukan Hausawa suka yaɗu.

Waɗannan bayin Allah ba su iso da dukiya ba, ba su kuma iya Larabcin kasuwa ba. Abin da ke hannunsu shi ne sana'a. Maza suka kama gashi, mata suka kama dama gero da nono, abin da ake kira godogodo a nan, ɗan'uwan furarmu. Mai saye ya tsaya, a gaisa, gobe ya dawo da abokinsa. A ganina, kaskon mai agashe ya haɗa mu da maƙwabta fiye da duk wani taron manya. Mu ma ai mun karɓa: yau da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Jazira ba ka ga kisira da asida ba. Na taɓa tambayar 'yan ajina asalin agashe, yaro ɗaya ya rantse abincin Umdurman ne. Ban yi masa faɗa ba, don ta wani gefen yana da gaskiya.

Sai dai cin abinci tare bai hana jini zuba ba, kada mu yaudari kanmu. A watan Yuli na 2022, da kuma Oktoba, rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci ɗaruruwan rayuka. Dubban Hausawa suka bar gidajensu zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu, jikokin muhajirai suka sake ɗaukar ƙunshi a ka. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Mutanen Khartum suka kwararo Wad Madani, ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta.

A cikin wannan hali, makarantu suka zama masaukai, matasan unguwa suka kafa takiyya, wato tukunyar jama'a, inda ake dafa adas ko ful a raba wa kowa ba tambayar ƙabila. Mu Hausawa ciyayya muka san ta. A makarantarmu, matar da ta baro Rusairis a 2022 ita ce ta koya wa baƙin Khartum yadda ake dama godogodo ya wadaci yara da mudu guda na gero, su kuma suka nuna mata yadda suke haɗa adas ɗinsu.