Waƙar Ingilishi a bakin 'ya'yan Zangon Kwatano

Yaron da ya tashi a unguwar Zango ta Kwatano yana wuni ne cikin harsuna huɗu. A gida Hausa ake yi masa, ko Zabarmanci, ko Dendi. A lakwal Faransanci. In aka aike shi Dantokpa ko ya tsayar da zemijan, sai ya juye zuwa Fon. Na huɗun babu wanda ya koya masa a aji yadda ya kamata, amma shi ne ke cikin kunnensa tun safe: Ingilishi. A nan sai a bi a hankali da kalmar Turanci, don in ɗan Maraɗi da ɗan Kano suka zauna a shago ɗaya, sai an tambaya wane Turancin ake nufi.

Benin ƙasar Faransanci ce, kowa ya sani. Amma ka tsaya bakin babban masallacin Zango bayan la'asar, ka saurari abin da ke fita daga wayoyin samari da shagunan masu caji, rabi ko fiye waƙoƙin Legas ne da buroka. Yanzu kuma abin ya wuce sauraro. Yaranmu sun fara shiga situdiyo suna rera nasu da harshen da ba su iya cinikin tumatir da shi ba.

Wani maƙwabcina mai harkar shinkafa ya same ni da wannan damuwar kwanan baya, da yake ya san na taɓa sayar da kaset shekaru da dama. Ɗansa ya ci BAC, an shirya zai karɓi shago na biyu, sai ya ce a ba shi wani abu daga jarin ya buga waƙoƙi shida. Uban ya ce masa, "To in ma waƙar ce, me ya hana ka yi da Hausa mu ji abin da kake faɗa?" Yaron ya ce, "Baba, in na yi da Hausa iyakarta Malanbil da Gaya. Ni duniya nake so ta ji ni." Alhajin ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka san waɗannan abubuwan. Gaskiya yake faɗa ko shirme ne?"

Akwai gaskiya a ciki, kuma tsohuwar gaskiya ce. Kaset ɗin ABBA da muka riƙa sayarwa kamar ƙosai, mutane da yawa sun ɗauka 'yan Ingila ne. 'Yan Suwidin ne su huɗu, ƙasar da a lokacin mutanenta ba su wuce miliyan 8 da 'yan kai ba. A gasar Eurovision akwai dokar cewa kowace ƙasa ta rera da harshenta. An sassauta dokar a 1973, sai ga ABBA a 1974 sun je Brighton da "Waterloo" da Ingilishi sun cinye gasar. Da kasuwar Amurka ta Kudu ta buɗe musu, sai suka sake rera waƙoƙinsu da Sifaniyanci suka fitar da faifai guda a 1980. Wato lissafin 'yan kasuwa suke yi zalla. Boney M ma a Jamus aka haɗa su, wani Bajamushe Frank Farian ne ya tsara komai. Shakira ta Kolombiya ta yi suna da Sifaniyanci kafin ta fito da faifan Ingilishi a 2001. Na baya-bayan nan su ne samarin Koriya ta Kudu, BTS, waɗanda suka hau kan teburin Billboard na Amurka a 2020 da "Dynamite", waƙarsu ta farko da aka yi da Ingilishi daga farko har ƙarshe.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa canza sefa zuwa naira a Seme. YouTube da Spotify ba sa biyan kuɗi iri ɗaya a kan kowane sauraro. Mai sauraro a Amurka ko Ingila kuɗin rajistarsa ya fi yawa, tallan da ake nuna masa ma ya fi tsada, don haka mawaƙi ya fi samu a kansa fiye da mai sauraro a Kwatano ko Yamai. Ga Legas kuma a nan kusa, tafiyar 'yan awoyi in iyaka ba ta yi gardama ba, kuma a can manyan kamfanonin waƙa suke.

Misalin da yaran ke kafa hujja da shi ita ce Ayra Starr. A nan Kwatano aka haife ta a 2002, iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta tashi tsakanin nan da Legas, kuma a nan ta yi jami'a. Don Jazzy ya ɗauke ta a kamfaninsa Mavin, ta fito a 2021, sannan waƙarta "Rush" ta 2022 ta kai ta jerin 'yan takarar Grammy a 2024, shekarar da aka fara ware wa waƙar Afirka nata rukuni. Wadda ta lashe rukunin ita ce Tyla ta Afirka ta Kudu, ita ma da waƙar Ingilishi. Sai dai abin da yaranmu ke tsallakewa shi ne Ayra Starr ba aron harshen ta yi ba. Da shi ta tashi, da buroka da Yarbanci, kuma dukkansu suna cikin waƙoƙinta. Ɗan Zango da ya haddace Ingilishinsa daga TikTok zai shiga kasuwa ɗaya da dubban 'yan Legas da Akara da ke mafarki da wannan harshen. Kamar mutum ne ya ɗauki atamfa daga Kantin Kwari ya kawo Missebo yana neman riba.

Wadda na fi so iyaye su san labarinta ita ce Angélique Kidjo, don babu mawaƙin ƙasar nan da ya kai inda ta kai. An haife ta a 1960, mahaifinta Fon ne na Wida, mahaifiyarta Bayarabiya. Ta yi suna a gida tun tana budurwa. Lokacin kuwa mulkin Mathieu Kérékou ne, wanda ya karɓi ƙasar a 1972 ya ɗora ta kan aƙidar gurguzu, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa ana matsa wa mawaƙa su yabi gwamnati. A 1983 ta fice zuwa Paris, ta yi amshi a bayan wasu, ta shiga makarantar kiɗan jaz. Chris Blackwell, mai kamfanin Island wanda ya fito da Bob Marley duniya, shi ya ɗauke ta, faifanta "Logozo" ya fito a 1991. "Agolo" da ta biyo baya a 1994, wadda har yau ake sawa a bukukuwa, ba da Ingilishi ta yi ta ba.

Ba wai ta guji Ingilishi ba ne. Ta koma New York da zama, ta rera waƙar Jimi Hendrix, ta yi aiki da Alicia Keys da Carlos Santana. A 2018 ma ta ɗauki faifan wata ƙungiyar Amurka, Talking Heads, mai suna "Remain in Light" na 1980, ta sake rera shi gaba ɗaya. Su waɗancan Turawan daga kiɗan Fela Kuti suka ɗebo salon faifan, ita kuma ta dawo da shi gida, ta zuba masa ganguna da amshi da harsunan nan. Grammy biyar gare ta, na farko a 2008, na biyar a 2022 da faifan "Mother Nature" wanda Burna Boy da Yemi Alade suka sa murya a ciki. A duk wannan tafiyar, Fon da Yarbanci da Mina su ne jarinta, Ingilishi kuwa tana ɗauko shi ne inda ciniki ya buƙata. Amma a faɗi gaskiya, duk Grammy ɗin nan a rukunin kiɗan sauran duniya aka ba ta su, wata rumfa ce a gefen kasuwa, kuma yaron Alhaji ya san haka. Shi tsakiyar kasuwar yake hange.

Kwatano dai ba yau ta fara rera harshen wasu ba. Poly-Rythmo sun sha kiɗan James Brown suka gauraya shi da gangunan gargajiya na Fon, har Legas suke zuwa ɗaukar faifai. Marigayi Gnonnas Pedro, wanda ya rasu a 2004, da Sifaniyanci yake salsa kamar ɗan Kyuba. Garin bakin teku ne, komai sauka yake yi a tashar jirgin ruwa.

Ni dai a ganina yaron ya yi kuskuren taswira da ya ce Hausa iyakarta Gaya. Mu da muke fatauci mun san inda Hausa ke kaiwa: Nima a Akara, Zangon Kumasi, Lome, Abijan, Yawunde, Njamena, Sudan, har Jidda. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zaga duk waɗannan wurare a 2020 ba tare da ta nemi izinin Legas ba. Ƙofar Turawa ma ba Ingilishi kaɗai ke buɗe ta ba. Bombino na Agadas da Tamashek yake waƙa, a Nashville aka ɗauki faifansa na 2013, kuma ya shiga takarar Grammy. "Jerusalema" da Zulu aka yi ta. BTS ɗin da ake misali da su, wata uku bayan "Dynamite" sun sake hawa kan teburin Billboard da "Life Goes On", wadda yawancinta da harshen Koriya ne.

Akwai wata matsalar da ta fi kuɗin situdiyo kusa da mu, ita ce ta rashin jin abin da ake faɗa. Zamanin Shata da Ɗan Maraya da Barmani Coge, in mawaƙi ya yi batsa ko habaici, kakar gida ce za ta fara ji ta ce a kashe rediyon. Yanzu sai ka je kamu ko wunin biki a Zango, DJ ya saki waƙa, iyaye mata na liƙi, 'yan mata na amshi, kalmomin kuwa da za a fassara su da Hausa da rabin zauren ya watse. Wata 'yar'uwarmu ta ce mini, "Yaya, ni na ɗauka waƙar soyayya ce kawai," bayan 'yarta ta makaranta ta gaya mata ma'anar. Hana sauraro ba ya aiki, wayar tana aljihunsu. Abin da na ga yana aiki a wasu gidaje shi ne uwa ta zaunar da yaro ta ce ya fassara mata waƙar da yake so layi-layi. Wasu waƙoƙin da kansa zai daina sawa a gabanta. Ga kuma riba ta biyu, yaron da ke neman kalmar Hausa don ya bayyana ta Ingilishi yana gyara harsunan biyu lokaci guda, kuma ɗan kasuwar da ke jin Ingilishi sosai ba ya rasa amfaninsa a Alaba ko Dubai ko Gwanzu.

Alhaji bai taɓa jarin shinkafa ba. Sun yi yarjejeniya da ɗan cewa zai riƙe shagon har bayan babbar Sallah, abin da ya samu na kason ribarsa shi zai kai situdiyo, kuma waƙa biyu za a fara bugawa maimakon shida. Uban ya kafa sharaɗi guda, a kawo masa kalmomin a rubuce da fassararsu kafin a ɗauki murya. Ranar Juma'ar da ta wuce yaron ya kawo mini takardar in duba masa. Baitocin da Ingilishi ne, akwai wurare uku da na ja masa layi don babu Bature ko ɗan Legas da zai faɗi haka, amshin kuwa da Hausa ya rubuta shi.