Tsohuwar Mota Ta Buga Inji: A Sake Wani Ko A Kai Wa 'Yan Gwangwan?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Gumel ta nufi Maigatari ran Laraba da yamma ko ran Alhamis da sassafe, zai ga manyan motoci suna haramar cin kasuwa. Waɗansu dabbobi za su ɗauka zuwa Kudu, waɗansu kuwa riɗi da zoɓo da gero suke kwasowa daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗaya a gefen hanya, an jera ganye a kan titi, baƙin mai yana ɗiga, a ce inji ya buga. Daga ranar nan mai motar ya shiga tsaka mai wuya: ko dai ya nemo kuɗi ya sa mata wani inji, ko kuwa ya sallama ta ga 'yan gwangwan su yanka ta su auna a sikeli.

ASALIN AL'AMARIN

Tun da hanyar dogo ta Kano ta isa Nguru a 1930, ta bi ta Gagarawa, jirgin ƙasa ne ke kwashe amfanin gonar wannan yanki, musamman gyaɗa. Da harkar jirgi ta yi rauni, sai nauyin duka ya koma kan mota. A lokacin da man fetur ya kawo wa ƙasar nan kuɗi, an kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna a 1975, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sa'an nan Mercedes a Inugu a 1980. A zamanin nan ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya sayen sabuwar mota dal.

Da aka karya darajar naira a 1986, sai sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a, aka koma ga na hannu waɗanda ake kawowa daga Turai, watau 'yan Beljiyam. Tsadar man gas a 2022, da janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi farashinta a watan Yuni na shekarar, duk sun ƙara ɗaga kuɗin mota da na kayan gyara. Dalili ke nan da ya sa har yanzu ake lallaɓa tsofaffi irin su Mercedes 911 mai silinda 6, ana ta yi musu dashen inji.

ME YA KASHE INJIN?

Tambayar farko da ya kamata mai mota ya yi wa makanike ita ce abin da ya kashe injin, tun kafin a zo maganar farashin wani. A arewacin Jigawa ƙurar hunturu da rairayi su ne manyan abokan gabar inji. In matatar iska ta yage, ƙura takan shiga silinda ta gauraya da baƙin mai, ta yi ta cin ringi da fistin kamar magagari. In lagireto ya toshe, inji yakan yi zafi har gasket ta ƙone. Ƙarancin baƙin mai yakan narkar da metal ya ɓata karanshaf, gurɓataccen man gas kuwa nozul da famfon mai yake lalatawa. Wanda ya sa sabon inji bai kawar da sanadin mutuwar na farko ba, to ya shirya jana'iza ta biyu.

Amsar wannan tambaya ce kuma za ta nuna ko ana bukatar wani injin ma. Muddin gangar injin ba ta tsage ba, sau da yawa a buɗe shi a sake ringi da metal, a kai karanshaf a gyara, ya fi sauƙin kuɗi, ga shi kuma mutum ya san abin da ke cikin kayansa.

SHASI NE ALƘALI

Inji abu ne da ake cirewa a sa wani. Shasi kuwa, watau dogayen ƙarafan da ke ɗauke da motar duka, shi ne ƙashin bayanta, kuma shi ke yanke hukunci. A nan mutanen Arewa sun yi sa'a, domin busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe da tsatsa kamar ta bakin teku. Abin da ke karya shasi a nan shi ne lodin da ya wuce kima da ramukan hanya. Sai a wanke motar, a shiga ƙarƙashinta da fitila, a duba inda sifirin ke kamawa, a ga ko akwai tsaga, ko lanƙwasa, ko walda a kan walda. In shasi miƙaƙƙe ne, giyabos da aksul kuma suna da lafiya, motar ta cancanci inji. In kuwa ya sha walda har ya gaji, zuba mata inji ɓarnar kuɗi ce, kuma kasada ce da rayukan mutane.

Masu jiragen ruwa ma sun san wannan darasi, domin sabon inji ba ya hana ruɓaɓɓen katako ɓallewa. Jirgin da ya nutse kusa da Warra a Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, inda jama'a masu yawa suka halaka, hukumomi sun ce tsoho ne kuma an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Haka abin yake a kan titi: inji mai ƙarfi a jikin motar da birkinta ya tsufa, gudu kawai zai ƙara mata zuwa ga haɗari.

LISSAFIN KUƊI

Bayan shasi sai alƙalami da takarda. A haɗa kuɗin inji, da na ɗauko shi daga Kano, da ladan makanike, da abubuwan da ba makawa sai an sake su tare da shi, kamar kuloci da batir da gyaran lagireto. A cire abin da za a samu in an sayar da mataccen injin. Sa'an nan a tambayi dillalai nawa motar za ta yi a kasuwa in ta tashi. In abin da za a kashe ya kai wannan farashi ko ya wuce shi, hankali bai yarda da gyaran ba.

Sai kuma a duba aikin da ke jiranta. Kasuwar Maigatari sau ɗaya take ci a mako, watau Alhamis 52 a shekara, lodin riɗi da zoɓo kuwa da kaka yake yawaita. Ita kanta iyakar ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda zai ci bashi ya sayi inji, wajibi ne ya sa irin waɗannan watanni cikin lissafinsa.

In an yanke shawarar saye, a tuna araha ba ta ado. Injin Beljiyam ba ya zuwa da tarihinsa. A tayar da shi a ƙasa tun kafin a biya, a saurari ƙararsa, a dubi hayaƙinsa: shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa yakan nuna ruwa na shiga silinda, baƙi kuwa man gas ne ba ya ƙonewa sosai. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a gaban shaidu, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a kuma sanar da ofishin lasin don a gyara takardun mota, kada mutum ya sayi kayan sata ya kwana a hannun 'yan sanda.

In kuwa sallamawa ce ta kama, to ba asara ce duka ba. Giyabos da aksul da bodi da tayoyi, in an kwance su an kai kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, sun fi daraja a hannun masu sayar da kayan gyara bisa ga a auna su da kilo. Abin da ya rage kaɗai ya kamata ya hau sikeli.

JAN HANKALI GA MA'AIKATA

Wannan magana ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Kowa ya saba ganin motoci da taraktoci da injunan ruwa a harabar ofisoshi, an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ɗan kasuwa ba ya iya barin motarsa haka, domin abincin iyalinsa ne. Amma kayan hukuma sukan shekara ana jiran fayil, yau a nemi batir a rasa, gobe taya, jibi a tarar sai ƙwarangwal. Alhali kuwa ƙa'idojin kuɗi na gwamnati sun tanadi kafa kwamitin da zai duba irin waɗannan kaya ya faɗi wanda zai gyaru da wanda ya mutu, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta shimfiɗa yadda za a ƙimanta su a sayar a fili.

Tarakta ɗaya da aka tayar kafin damina tana iya nome gonakin ƙauye guda, wadda ta mutu kuma kuɗin gwanjonta zai gyara wata. Gyara shawara ce, sayarwa ma shawara ce. Wadda ta fi kowace tsada ita ce a yi shiru har wankin hula ya kai mutum dare, tsatsa da ɓarayi su yanke hukunci a madadinsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.